Hulunan ƙarfe a kan kibod mai suwic: a sauya duka ko a tsaya kan 'yan kaɗan?

Sadiq_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Kibod ne mai maɓalli 87, suwic ɗinsa, wato abin dannawar da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, ja ne irin na Cherry MX, kuma irin wanda ake zare suwic a mayar ba tare da narka dalma ba. Yana aiki da waya, yana kuma aiki da Bluetooth. Akwai hulunan maɓalli na ƙarfe kala biyu da ake tallarsu, na alminiyam da na tutiya, na tutiyar ya fi araha sosai. Shin za a iya cire hulunan roba gaba ɗaya a sa na ƙarfe, har da dogon maɓallin sifes? Suwic zai ɗauka? Me ke lalacewa idan an yi haka?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Fara da nauyi, domin a nan yawancin matsalar take. Robar ABS da ake yin yawancin huluna da ita nauyinta kusan giram 1.05 ne a kowane kubik santimita, PBT kuma kusan 1.3. Alminiyam 2.7 ne, titaniyam 4.5, haɗin tutiya da ake zubawa kusan 6.6, ƙarfen da ba ya tsatsa kusan 8, tagulla kusan 8.5. To hular harafi ɗaya ta roba ba ta wuce giram ɗaya da ɗan wani abu ba. Idan aka yi ta da siffa ɗaya da kauri ɗaya, ta alminiyam za ta kusa giram 3, ta tutiya ta haura 6.

Jan suwic na Cherry yana buga harafi ne a ƙarfin kusan giram 45, a zurfin milimita 2 cikin milimita 4 da yake tafiya. Amma ba wannan adadin za ka duba ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar cikin suwic mai mayar da maɓalli sama, lokacin da maɓalli yake can sama, ba a taɓa shi ba, wanda kusan giram 30 ne. Giram 6 a kan wannan ba komai ba ne, maɓallin zai tsaya cak. Sifes kuwa labarinsa daban. Idan na roba giram 7 ne, takwaransa na alminiyam zai kai wajen 18, na tutiya wajen 45. Ka ga ya zarce giram 30 ɗin nan, ya je daidai inda suwic yake buga harafi. Zai zauna a tsakiyar hanya, ko ka danna ya ƙi tasowa, kwamfuta ta yi ta zuba fili a rubutunka.

dan_terminus:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai masu ƙerawa ba sa barin kaurin yadda yake a roba. Bangon hular roba mai kyau yakan kai milimita 1.3 zuwa 1.5, na ƙarfe kuwa sukan sirantar da shi don su rage nauyi da kuɗi. Saboda haka lissafin can iyaka ce ta sama. A tambayi mai sayarwa nauyin sifes ɗin shi kaɗai, ba nauyin kwalin duka ba. In ya iso, a ɗora shi a ƙaramin sikelin masu sayar da zinare kafin a sa shi.

Abba_WASD:
Ni a ganina nauyin ma amfani ne ga mai wasan kwamfuta. Hula mai nauyi tana taya yatsa dannawa, maɓallin ya fi saurin sauka.

Injiniya_Bala:
@Abba_WASD sauka kam tana sauƙi da kusan giram 5, wato 45 ya koma kamar 40. Amma abin da ka samu a sauka za ka biya shi a tashi. Sifirin ɗaya ne, kayan da zai ɗaga sun ninka sau huɗu ko biyar. Idan aka lissafa daga ƙasa zuwa inda suwic yake sakin harafi, hular roba tana dawowa cikin milisakan 3 zuwa 4, ta tutiya kuma wajen 8. Mai rubutu ba zai ji wannan ba, yatsansa ma bai kai wannan saurin ba. Mai wasan da yake maimaita danna maɓalli ɗaya da sauri shi ne zai fi kowa jin maɓallin yana masa nawa. In sauƙin dannawa kake so, sauya sifirin ya fi.

Abba_WASD:
Milisakan huɗu ai bai kai jinkirin intanet ɗinmu ba, Injiniya. Na fi damuwa da santsi. Wanda aka goge ya yi sheƙi yana zamewa idan hannu ya yi gumi. Duk mai son WASD na ƙarfe, wato maɓallan W, A, S, D da ake wasa da su, ya nemi wanda samansa ke da ɗan kaushi, ko wanda aka yi wa zane-zane.

Hajara.K:
Ba a taɓo abin da ya fi lalata kaya ba tukuna, wato ramin da hular ke zama da shi. Kan sandar suwic ɗin MX alamar tarawa ce, +, faɗinta kusan milimita 4, kuma da robar POM ake yin ta. Hannayen alamar ba kaurinsu ɗaya ba, na kwance ya ɗan fi na tsaye. Hular roba tana ɗan buɗewa idan an tura ta, sai ta rungumi sandar. Ƙarfe ba ya buɗewa. Idan ramin ya matse da kashi ɗaya cikin goma na milimita, to sandar ce za ta ba da kai: yana karce ta, yana cire mata ɓawo. Ranar da ka mayar da hular roba a kan wannan suwic sai ka ga tana girgiɗi, ko ka kifa kibod ta faɗo. Idan kuma ramin ya yi faɗi, hular tana kaɗawa tun ranar farko.

A 2018 an ga irin wannan ta ɗaya gefen, lokacin da sandar suwic ɗin Kailh Box na farko ta ɗan fi ƙima kauri, ta riƙa tsaga ƙafafun hulunan roba masu tsada, har sai da aka sake injin zubin. Bambancin da ido ba ya gani ne ya jawo hakan. Da ƙarfe, wanda zai fashe ba hular ba ce.

Shi ya sa na fi yarda da hular da samanta ƙarfe ne amma an dasa mata ƙafar roba a ciki. Ka nemi hoton cikin hular kafin ka biya kuɗi. In mai sayarwa bai nuna cikin ba, akwai dalili.

Sadiq_Rikkos:
Na gode Anti Hajara. Na tutiyar duka ƙarfe ne har ƙafar, a hoton da suka sa. In ya zo a matse, akwai gyara?

Hajara.K:
Akwai, amma da haƙuri. Kada ka fara gwadawa a kan kibod. Zare suwic ɗin da ba ka cika amfani da shi ba, kamar na Scroll Lock ko Pause, ka riƙe shi a hannu ka gwada hular a kai. Ya kamata ta shiga da turin babban yatsa ɗaya. In sai ka sa ƙarfin hannu biyu, tsaya. Haska tocila cikin ramin, kayan zubi sukan zo da ɗan ƙaiƙayin ƙarfe a bakin ramin ko taruwar fenti. Da siririn magagari irin na masu gyaran agogo za ka bi, shafa biyu ko uku a kowane gefe, ka busa, ka sake gwadawa. Hular ake gogewa, ba a taɓa sandar suwic.

In kuma sako-sako ne, yanki ɗan farin tef ɗin masu gyaran famfo, kamar milimita 6 a kan 6, ka ɗora a kan sandar, ka tura hular a kai. Ɗan yankin farar leda ma yana yi. Kada a sa gam ko ɗigo ɗaya, zai gangara cikin suwic ya kashe shi.

Nura_Bukuru:
Ƙari a kan wannan: wajen cirewa ma ana ɓarna. Tun da naka mai zarewa ne, hula mai matsi takan fito da suwic ɗin gaba ɗaya, ƙafafun tagullar nan biyu na ƙasa su lanƙwashe. Ramukan Kailh da suwic ke shiga an ƙiyasta musu zarewa kusan sau 100 ne, ba abin wasa ba ne. Ja a miƙe, kana ɗan kaɗawa hagu da dama, ɗaya hannun yana danne da kibod. Abin cire hula na waya yana karce gefen alminiyam, a naɗe wayar da tef tukuna.

MamanHanif:
Ku da kuke ta lissafin giram, kun manta a Jos muke. Watan Disamba da Janairu da asuba, taɓa alminiyam kamar taɓa bokitin ƙarfen da ya kwana a tsakar gida ne. Ba wai ya fi roba sanyi ba, zafinsu ɗaya a ɗaki ɗaya, amma alminiyam yana janye ɗumin yatsa fiye da roba sau ɗaruruwa. Maɓallan da kake yawan taɓawa za su ɗumama cikin 'yan mintuna tunda ƙanana ne, waɗanda kake taɓawa jefi-jefi kuwa kullum da sanyinsu za ka same su. Ga ɗalibi ko mai aikin buga takardu da yake zama tun bayan sallar asuba, yatsu masu sanyi kuskure suke ƙarawa. Titaniyam da ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi dama-dama a nan, ba sa jan zafi kamar alminiyam.

Usaini_Gangare:
Ni tsorona wuta. Ƙarfe a kan na'urar da ke jone da lantarki, ga yadda wutarmu take hawa da sauka. Ba zai ja mutum ba?

Injiniya_Bala:
Malam Usaini, kebul ɗin USB bolt 5 yake ɗauke da shi, kuma tsakanin hular da allon lantarkin akwai sandar roba da gidan suwic na roba. Hular ba ta jone da komai. Ɗan tsikarin da wasu ke ji a jikin kibod mai gangar jikin ƙarfe daga cajar laftof yake zuwa, musamman caja mai ƙafa biyu ko soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, kuma gidaje da yawa haka suke. Ta gangar jikin yake bi, ba ta hula ba. Maganinsa wayar ƙasa mai kyau, da hular roba ma za a ji shi.

Wanda ya shafi maganarmu shi ne tartsatsin hunturu. Iska ta bushe, ga rigar sanyi, ga kujerar roba ko darduma, jiki yana tara caji. Sai ya kai wajen bolt 3,000 kafin mutum ya ji ɗan cizon, alhali ƙananan na'urorin da ke kan allo ƙasa da haka ma yana iya taɓa su. Tartsatsi yana tsallake kusan milimita ɗaya na iska a kowane bolt 3,000. Hular roba katanga ce. Ta ƙarfe kuwa tana kai cajin har bakin gefenta na ƙasa, inda ya kusanci farantin da suwic ke zaune a kai idan an danna. Alamar ita ce kibod ya ɗauke ya dawo, ko fitilunsa su ƙifta. Kafin ka zauna, taɓa wani ƙarfe babba, ƙofa ko tagar ɗaki, ka sauke cajin a can.

Kabiru87:
Malam Sadiq ya ce yana amfani da Bluetooth, ba wanda ya tanka. Bluetooth da ɗan dongul da ake sakawa a USB duka a kan gigahaz 2.4 suke, kuma ƙarfe yana tare su. In gangar jikin kibod ɗin roba ce, siginar za ta fita ta gefe da ƙasa, ba za ka ga bambanci sosai ba. In ta alminiyam ce, to yawanci ta sama take fita, ta tsakanin maɓallai. Ka rufe saman da huluna 87 na ƙarfe, ka kusa kulle eriyar a akwati. Sai harafi ya riƙa makara ko ya maimaita kansa. Huluna huɗu ko biyar ba za su yi haka ba, sai dai in sun faɗo daidai kan eriyar.

Sannan fitila. Haske ba ya ratsa ƙarfe, harafin ba zai haskaka ba sai in an huda shi an cike da roba. Ga wanda yake aiki da dare in an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

dan_terminus:
Tunda an zo kan irin kibod: masu suwic na maganaɗisu, irin su Wooting, su yi hattara da ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Suwic ɗin yana auna kusancin ɗan maganaɗisun da ke cikin sandar ne, ƙarfe a kusa yana iya karkatar da awon. Alminiyam, tutiya, tagulla da titaniyam ba ruwansu. A ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304 galibi ba ya kamawa, 430 yana kamawa. A gwada da maganaɗisun tsohuwar sifika, kuma a sake saita awon kibod bayan an sauya huluna.

Masu Logitech mai suwic ɗin Romer-G, da masu gajerun Kailh Choc na farko mai ƙafa biyu, da Topre, da kibod ɗin jikin laftof, duk wannan hirar ba tasu ba ce, hular MX ba ta hawa.

Malam_Tanko:
Ina da tambaya a gefe. Ga mu a garin kuza, ga masu zuba tukwanen alminiyam a gari. Ba za a iya kai musu hula ɗaya su zuba irinta ba, maimakon jiran kaya daga Sin?

Nura_Bukuru:
Ranka ya daɗe, gangar hular za su iya, ƙafar ce ba za su iya ba. Zubin yashi ba ya riƙe awon da ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma ramin + ɗin nan abin da yake buƙata ke nan, kamar yadda Anti Hajara ta bayyana. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma in ya huce yana tsukewa da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. A faɗin hula na milimita 18 wannan bai dami kowa ba, tunda tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa milimita 19.05 ne, akwai ratar kusan milimita ɗaya. A cikin ramin kuwa ya isa ya ɓata komai.

Hanyar da za ta yiwu: a zuba gangar da rami a ciki babu ƙafa, a goge ta. A yanko ƙafar tsohuwar hular roba tare da ɗan rufinta, a kankare wuraren da za su haɗu, a manna da gam mai haɗi biyu. A bar shi ya kwana kafin ya kusanci suwic. Wahalar ita ce daidaita tsakiya, in ya kauce da rabin milimita zai riƙa gogar maƙwabcinsa.

Kuza da aka tace ta fi sauƙin sha'ani, a digiri 232 take narkewa, har a mazubin silikon mai jure zafi ana zuba ta. Sai dai nauyinta 7.3 ne, ta fi tutiya, kuma tana da laushi, tana lotsewa. Ga Esc guda ɗaya ta yi.

MamanHanif:
A kula da abin da ake narkawa dai. Tarkacen da ba a san asalinsa ba yana iya zuwa da dalma, kuma abu ne da yatsa zai wuni a kai, a ci abinci da hannun, yara su ɗauka su sa a baki. Ko tagullar da ake yanka da inji, irin mai lamba C360, tana da dalma kusan kashi 3 cikin ɗari. Tagulla tsirara kuma tana dusashewa da gumi, tana bar wa yatsa ƙarni da kore-kore.

Hajara.K:
Wannan ya dawo da mu kan na tutiyar da Malam Sadiq ya gani. Tutiya ba a barinta tsirara, ana yi mata rufi, galibi da nikel a ƙasa sannan launi a sama. Rufin siriri ne, a kan A, S, E da sifes yake fara cinyewa, sai toka-tokar ƙasa ta bayyana, gefen da ya ɓare ya riƙa kama fata. Wanda agogon ƙarfe ko ɗan kunne mai araha yake sa wa ƙaiƙayi, to nikel ne, ya nisanci wannan.

Launin alminiyam ba fenti ba ne in an yi shi da kyau. Da lantarki ake gina wani ɓawo mai tauri a jikin ƙarfen, kaurinsa maikuron 5 zuwa 25 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), launin yana shiga cikin ɓawon. Ya fi jure yatsa nesa ba kusa ba. Abokin gabarsa sabulu mai kaifi: bilic, soda, da garin wanki mai ƙarfi suna cin sa, ya yi fari-fari, kuma ba ya dawowa. Tsumma mai laushi da ɗan ruwan ɗumi ya isa, ko ɗan sifirit. Kada a zuba su a kwano ɗaya a girgiza yadda ake wa na roba, junansu za su karce.

Kabiru87:
Wani abu kuma kafin ya biya: siffar hula. Yawancin kibod ɗin kanti da siffar OEM suke zuwa, kowane layi da tsayinsa da karkatarsa. Siffar Cherry ta fi ta gajarta, DSA da XDA kuma duk layukan ɗaya ne. In ka sa WASD na wata siffa a tsakiyar OEM, yatsa zai riƙa tuntuɓe. W ma ba layinsu ɗaya da A, S, D ba. Kuma in fitilar suwic ɗinka tana ta sama ne, wato ɓangaren da ke nesa da kai, hular siffar Cherry takan bugi gidan suwic a layin tsakiya kafin ta kai ƙasa. Da roba ƙara ce kawai mara daɗi, da ƙarfe gidan suwic ɗin ne zai riƙa cinyewa.

Sifes kuma a auna. Na yau da kullum 6.25u ne (u ɗaya shi ne faɗin gurbin maɓallin harafi ɗaya), tsakanin ƙafafunsa biyu na gefe milimita 100. Na 7u milimita 114 ne da ɗoriya. Tsofaffin Corsair sun zo da 6.5u, tsofaffin Razer da 6u.

Sadiq_Rikkos:
Na auna, 6.25u ne, siffar OEM, gangar jikin roba ce. To in na nace sai sifes na alminiyam, me zan tanada?

Injiniya_Bala:
Sauya suwic ɗin da ke ƙarƙashinsa kawai. Cherry da kansu haka suke yi a tsofaffin kibod ɗinsu: in haruffa baƙin suwic ne mai giram 60, sai su sa mai ruwan toka mai giram 80 a sifes, in shuɗi ne su sa kore. Kai da kake kan ja, baƙi guda ɗaya ya ishe ka ga alminiyam. Ko ka buɗe jan ka sa masa sifirin mai 67 ko 78. Lura, lambar da ake rubutawa a jakar sifirin yawanci ƙarfinsa ne a can ƙasa, ba inda yake buga harafi ba. Dogon sifirin mai milimita 20 zuwa 22 ya fi dacewa da wannan aiki, domin a matse yake zama tun daga sama, ya fi riƙe kaya.

Sai wayar daidaito da ke ƙarƙashin sifes. Hular roba in ta ɗan karkace tana lanƙwasawa ta bi. Ta ƙarfe ƙafafunta uku dole su zo daidai da sanduna uku, in ɗaya ya kauce maɓallin zai riƙa cijewa a gefe ɗaya. Ɗora sifes ɗin a kan gilashi ka danna kowane gefe, in yana rawa a mayar da shi. Man da ake sa wa wayar, Krytox 205g0 ko man giris na lantarki, a rage shi. Mai da yawa yana riƙe maɓalli, ga nauyin ƙarfe a kai, sai ya riƙa tasowa a hankali, kuma da sanyin safiya man ya fi kauri.

Usaini_Gangare:
Ƙara fa? A ofis ko ɗakin kwanan ɗalibai?

Nura_Bukuru:
Ta fi ta roba kaifi, musamman in farantin ma ƙarfe ne. Zoben roba a ƙafar hula yana rage bugun sauka, mai laushi, wanda ake rubuta wa 40A, yana cin milimita 0.2 zuwa 0.4 na tafiyar maɓalli. Bugun dawowa sama ba ya taɓa shi, wannan sai suwic mai shiru. Kuma wasu hulunan ƙarfe ba su da haƙarƙarin ciki da zoben zai tokara, sai ya haye sama ya zama ba ya aikin komai.

Abba_WASD:
Ni har yanzu ina ganin cikakken saiti na alminiyam da inji ya yanka, mai ƙafar roba, ba shi da aibu in aljihu zai ɗauka. Duk abin da aka lissafa a sama na tutiya mai araha ne.

MamanHanif:
Sanyi da rashin fitila ba ruwansu da tsada, Abba. Na alminiyam ɗin ma shi ya fi sanyin.

dan_terminus:
Malam Sadiq, ko a nan kasuwar Terminus ka ci karo da su ko wani zai duba maka a Banex a Abuja, a tafi da suwic ɗaya a aljihu a gwada a gaban mai shago. In ta intanet ne, fara da Esc guda ɗaya daga wurin mai sayarwar, ka ga yadda ramin yake kafin ka tura kuɗin saiti.

Sadiq_Rikkos:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da Esc da kibiyoyi huɗu na alminiyam masu ƙafar roba. Injiniya, kibiyoyin a OEM duk layi ɗaya ne, ko ta sama daban take?

Kabiru87:
Kafin Injiniya ya zo: a yawancin saitin OEM ta saman tana layin Shift ne, ukun suna layin ƙasa, kuma layukan biyu siffarsu ɗaya ce. Amma zare taka ta sama da ta ƙasa ka jera su gefe da gefe a kan tebur, ka duba ta gefe kafin ka yi oda, domin wasu kamfanonin suna bambanta su.